Tarihin Giyar Akwati a Kekunan Hawan Dutse

Nufina a wannan ɗan rubutu in ba da tarihin wata gardama da maƙeran kekuna suka fi shekara ɗari suna yi: shin giyar keke a waje ya kamata ta zauna, ko kuwa a rufe ta?

Rufaffiyar giya tsohuwa ce. Tun a 1902 aka fito da giyar Sturmey-Archer a birnin Nottingham na Ingila, giya uku a ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, inda ƙura da ruwa ba sa isa. Ita ce a jikin waɗansu kekunan Raleigh da iyayenmu suka hau. Giyar waje kuwa, watau ɗan hannun ƙarfen nan da ke tura sarƙa daga wannan faifan haƙora zuwa wancan, a Faransa ta yi ƙarfi. Da aka yarda da ita a babban tseren Tour de France a 1937, sai ta zama abin yayi, don ba ta da nauyi.

Keken dutse daga baya ya zo. A shekarun 1970 waɗansu samari a Kalifoniya ta Amurka suka riƙa tseren gangara a kewayen dutsen Tamalpais da tsofaffin kekuna. Da aka fara sayar da irinsu a kasuwa, kamar Stumpjumper a 1981, giyar waje suka gada. To, ga ta tana reto dab da ƙasa: dutse ya buge ta, itace ya karya ta, taɓo ya cushe ta.

Jamusawa suka koma ga tsohuwar dabara. A 1998 kamfanin Rohloff ya rufe giya 14 cikin cibiyar ƙafar baya, amma nauyi ya taru a baya. Sai aka ce a mai da giyar cikin akwati a tsakiyar keke, wajen feda. A kan irin wannan keke na kamfanin Honda ne Greg Minnaar, mutumin Afirka ta Kudu, ya ci kofin duniya na tseren gangara a 2005. A 2012 kuma kamfanin Pinion na Jamus ya fara sayar da akwati mai giya 18, wanda ba ya bukatar komai sai canjin mai sau ɗaya a shekara.

Amma har yanzu giyar waje ce ke jikin yawancin kekunan dutse. Me ya sa? Masu iya magana sun ce kowane allazi da nasa amanu. Akwatin ya fi nauyi, ya fi tsada, yana kuma cinye kaɗan daga ƙarfin mahayi. Sannan ba ya shiga kowane keke, sai wanda aka ƙera dominsa. In ya ɓaci, galibi sai an mai da shi ga masu shi, alhali giyar waje kowane mai gyaran keke yana iya miƙe ta.

Ni a ganina nan darasin yake, musamman ga waɗanda a cikinmu za su sayo wa ƙasa injuna gobe. Ƙarko kaɗai ba ya ba na'ura nasara. Kafin mu yaba, mu tambaya: nawa ne, kuma wa zai gyara ta ran da ta tsaya?