Tsami da Ɗaci: Tarihin Ɗanɗanon Giya a Garwa

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi ire-iren giya biyu da ake samu a Garwa, babban birnin Lardin Arewa na ƙasar Kamaru, da yadda tarihi ya bambanta ɗanɗanonsu. Musulunci ya haramta shan giya, kuma Fulani da Hausawan Garwa mafi yawansu Musulmi ne. Amma ɗalibin harshe yana buƙatar sanin al'adun maƙwabta da kalmomin da ake bayyana su da su.

Giyar dawa

Tun kafin Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809, al'ummomi irin su Fali da Mafa da Tupuri da Kapsiki suna dafa giyar dawa. A arewacin Kamaru ana kiranta bil-bil, ita ce 'yar'uwar burukutu ta ƙasar Hausa. Mata ne suka fi yin wannan sana'a. Sukan jiƙa jar dawa har ta yi tsiro, su shanya, su niƙa, su dafa, su bar ta ta kwana ta yi tsami, sannan su sake dafawa su zuba yis. Abin da ke fitowa ja ne mai kauri, mai tsami da ɗan zaƙi, kuma a ƙwarya ake shan sa. Ba ta jimawa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ta lalace. Saboda haka ba a kai ta nesa, a unguwar da aka dafa ta ake shanye ta. A wajen Mafa tana da matsayi a bikin maray, wato bikin yanka bijimi don kakanni.

Zuwan ɗaci

Ɗacin da ke cikin giyar kwalba daga wani fure yake fitowa, wanda Turawa ke kira hof. Ƙasashe masu sanyi ne ke noma shi. A 1516 aka kafa doka a Bavariya ta ƙasar Jamus cewa ruwa da sha'ir da hof kaɗai za a sa a giya. Furen yana ba da ɗaci da ƙamshi, yana kuma hana giya saurin lalacewa, abin da ya sa ake iya ɗora ta a jirgin ruwa a yi doguwar tafiya da ita.

Jamusawa sun kama Garwa a 1901, Ingilishi da Faransawa suka ƙwace ta a 1915, daga nan ta koma hannun Faransa. Kasancewarta tashar jiragen ruwa a bakin kogin Binuwai ya sa kayan Turai suka riƙa isowa da damina. A 1948 aka kafa kamfanin Brasseries du Cameroun a Duwala, wanda daga baya ya buɗe masana'anta a Garwa. Giyarsa, kamar "33" Export da Castel, ɗacinta kaɗan ne. Masu tsananin ɗaci da ƙamshin lemo su ne waɗanda ƙananan masana'antu suka yayata a Amurka tun wajen 1980.

Abin da ake ci da su

Masu shan giyar kwalba a Garwa sukan haɗa ta da tsire, wanda a Kamaru ake kira soya, ko kilishi, ko gasasshen giwan ruwa na Binuwai, domin ɗaci yana yanke maiƙo. Bil-bil kuwa, saboda kaurinta, ita kanta kamar abinci ce. Manoma sukan sha ta a wurin gayya.

Kammalawa

Bambancin nan ya wuce na harshe. Kuɗin bil-bil yana shiga hannun matan da ke ciyar da gida da shi, kuɗin ta kwalba kuwa yana tafiya ga babban kamfani da masu noman hof a ƙetare. Ɗalibi ya lura da kalmomi huɗu: tsami, ɗaci, zaƙi da bauri. Hausa ba ta gwama su, kuma kowace tana da muhallinta.