Shekarar Haraji da Watan Albashi: Sauyin Doka a Tsakiyar Shekara, daga Dawce zuwa Kano

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba wata tambaya da masu nazarin tarihin haraji ba su cika tsayawa a kanta ba, wato: idan hukuma ta sauya dokar haraji shekara ta na tsaka, wace doka ce ke hawa kan albashin ma'aikaci, kuma wa ke ɗaukar asarar da ke tsakanin tsohuwa da sabuwa? Mun ɗauki Dawce, cikin gundumar Kance ta jihar Damagaram, a matsayin wurin tsayawa, domin ƙasa ce ta bakin iyaka, inda gida guda kan sami ɗa mai albashin sefa da wani mai albashin naira.

2.0 Harajin kai da shekarar manomi

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Kance ta na bin Damagaram, musamman a zamanin Sarki Tanimun, kuma abin da talaka ke bayarwa ya na bin kaka ne, domin sai an girbe ake samun na bayarwa. Da Faransawa su ka kama Zinder a 1899, sai su ka ɗora harajin kai, wanda mutane ke kira bodo ko lampo, tare da jangali a kan dabbobi. Kumandan ke yanka adadi, sarki da masu gari su tara. Da aka matsa a biya da kuɗin Faransa, gyaɗa ta zama hanyar samunsu a yankin Matameye da Magarya, wanda ya kasa kuma ya kan ƙetare iyaka zuwa ƙasar Daura ko Kano.

Abin lura a nan shi ne, wannan haraji sau ɗaya ake yanka shi a shekara. Ko ya yi nauyi, ko ya yi sauƙi, mai gida ya san adadinsa kafin ya kai gyaɗarsa kasuwa. Saboda haka batun sauyi a tsakiyar shekara bai taso ba. A ƙarshen shekarun 1970, gwamnatin Seyni Kountché ta soke harajin kai na ƙasa, albarkacin kuɗin yuraniyom, aka bar na gunduma. A ƙetaren iyaka ma, gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, sun soke haraji da jangali a 1979. Daga nan mai albashi ya zama wanda hannun baitulmali ya fi saurin kaiwa gare shi, domin tun kafin kuɗinsa su iso hannunsa an cire na hukuma.

3.0 Tsarin wata da tsarin shekara

Nijar da Nijeriya duka su na cire haraji daga tushe, amma ma'auninsu ya bambanta. A Nijar, harajin albashi da ake taƙaitawa ITS, kamar yadda kundin haraji na doka mai lamba 2012-37 ta 20 ga Yuni 2012 ya tsara shi, a kan albashin wata ake lissafa shi, hawa hawa daga kashi 1 zuwa kashi 35 cikin ɗari, tare da rangwame ga mai iyali. Ke nan kowane wata ya na tsaye da ƙafarsa. Idan doka ta sauya a Yuli, malamin makarantar Dawce zai ga sauyin a takardar albashinsa ta Yuli, watannin baya kuwa sun wuce da lissafinsu.

A Nijeriya kuwa, dokar harajin kuɗin shiga ta 1993, wadda ta yi aiki har ƙarshen 2025, a kan shekara ta riƙa aunawa. Abin da ake cirewa duk wata kason harajin shekara ne kawai, sai a ƙarshe a daidaita. A irin wannan tsari, sauyin tsakiyar shekara ya na tilasta a raba shekara biyu, a raba rangwame da matakan haraji gwargwadon watanni, a yi wa kowane ɓangare lissafinsa.

4.0 Abin da ya faru a 2011

Ranar 14 ga Yuni 2011 ita ce ranar da gyaran dokar harajin Nijeriya, na zamanin shugaba Goodluck Jonathan, ke ɗauke da ita, amma jama'a ba su sami labarinsa ba sai a ƙarshen shekarar. A tsohon tsari, ana yafe wa ma'aikaci naira 5,000 da kashi 20 cikin ɗari na albashinsa, kuma duk abin da ya haura naira 160,000 na saura kashi 25 ake cire masa. A sabon tsari, rangwamen ya koma naira 200,000, ko kashi 1 cikin ɗari idan shi ya fi yawa, tare da kashi 20, matakan kuma su ka fara daga kashi 7 a kan naira 300,000 na farko, su ka tsaya a kashi 24 ga abin da ya haura naira 3,200,000.

Bari mu ƙaddara ma'aikaci a Kano mai albashin naira 1,200,000 a shekara, mu ajiye fansho da alawus gefe don sauƙin lissafi. A tsohon tsari, za a yafe masa 245,000, a cire haraji 220,750. A sabo, za a yafe masa 440,000, harajinsa ya tsaya 78,000. Ratar ta kai 142,750 a shekara, wato wajen 11,900 a wata. Lalle tsohuwar doka ta na yafe wani ɓangare na alawus ɗin gida da sufuri, don haka ratar ta zahiri ba ta kai haka ba ga kowa. Duk da haka, a bisa wannan misali, daga tsakiyar Yuni zuwa Disamba an cire masa wajen naira 77,000 fiye da abin da doka ta ce, alhali shi da mai biyansa babu wanda ya san dokar ta sauya. Wannan ne ya haifar da jayayya tsakanin hukumomin haraji da masu ɗaukar ma'aikata a 2012, a kan ranar da ya kamata a fara aiki da gyaran. Kuɗin da su ka shiga baitulmali kuwa, fitowarsu sai an bi da haƙuri.

5.0 Inda tsarin wata ke tuntuɓe

Kada a ɗauka tsarin Nijar ya kuɓuta daga matsalar. Amfaninsa ya dogara ne a kan biyan albashi a kan kari. A shekarun 1990, bayan Taron Ƙasa na 1991, ma'aikatan gwamnati sun yi ta bin bashin albashi na watanni, ƙungiyar ƙwadago ta USTN kuma ta yi ta kiran yajin aiki. Idan albashin Maris bai fito ba sai Satumba, doka kuwa ta sauya a tsakani, watan aiki za a bi ko watan biya? Idan kuma aka haɗa watanni uku a biya ɗaya, aka auna su kamar na wata guda, ma'aikaci zai hau matakin da ba nasa ba. Haka nan faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairu 1994 ta nuna cewa nauyin haraji ya na iya sauyawa ko ba a taɓa doka ba, domin farashi ya tashi, ƙarin albashi kaɗan kuma ya na iya tura mutum mataki na gaba alhali abin da ya ke saye ya ragu.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mu na iya cewa ranar fara aiki da doka ɓangare ce ta harajin kansa, daidai da adadin da aka yanka. Da alama Nijeriya ta ɗauki darasi, domin sabuwar dokar haraji da shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025 an sa mata 1 ga Janairu 2026 a matsayin ranar farawa. Manomin Dawce na zamanin bodo ya sha wuya, amma ya san abin da ake binsa kafin kaka, kuma ya kamata jikansa mai albashi ya sami ko da wannan. Aikin da ya rage ga ɗalibanmu shi ne tattara tsofaffin takardun albashi na malamai da ma'aikatan asibiti a Matameye, a gwada su da dokokin kasafin kuɗi na shekarunsu, wata bayan wata.