Awon saifa da na'urar sikanin: iya gaskiyar da ke cikin alƙaluman

Saifa tana ɓangaren hagu na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙari, kuma nauyinta a jikin babba mai lafiya bai cika wuce giram 200 ba. Kumburinta alama ce ta cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro, tsargiya, ciwon hanta da sankarar jini. A wajen yara masu sikila kuwa, kumburin gaggawa na iya kisa cikin sa'o'i kaɗan.

Taɓawa da hannu ba ta wadatar ba, domin sau da yawa sai saifar ta girma sosai kafin likita ya ji ta. Shi ya sa ake tura marar lafiya ɗaukar hoton sikanin, wanda ba shi da tururin da ke cutarwa, kuma ya fi hoton CT araha nesa ba kusa ba. Wani bincike da mujallar British Journal of Radiology ta buga a 2002 ya nuna cewa tsawon da sikanin ke aunawa yana tafiya daidai da ainihin girman da CT ke nunawa.

Matsalar tana wajen fassara. Cibiyoyi da dama na ɗaukar santimita 12 ko 13 a matsayin iyaka ga kowa. Amma binciken da aka yi a Jamus kan mutane masu lafiya kusan 1,200, wanda mujallar Radiology ta wallafa a 2016, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazan sun haura santimita 12. Wato dogon namiji lafiyayye na iya karɓar takardar da ta ce saifarsa ta kumbura, ya shiga biyan kuɗin gwaje-gwajen da ba ya buƙata. Ƙa'idar sikanin tsargiya da masana suka tsara a Yamai a 1996 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta kauce wa wannan, domin tana gwada awon da tsayin mutum.

Sannan akwai hannun mai awo. Iskar huhu da ƙashin haƙarƙari na rufe saman saifar, wani lokaci gefen hanta kan miƙe ya lulluɓe ta har a haɗa su a awo ɗaya, saifa mai girman gaske kuma ba ta shiga allon gaba ɗaya. Ma'aikata biyu na iya samun adadi mabambanta a kan mutum guda, don haka bambancin 'yan milimitoci tsakanin hotuna biyu ba hujja ba ce cewa cutar ta ƙaru ko ta ragu.