Alƙalamin Rizal da Mulkin Sifen

José Rizal, likitan ido ɗan ƙasar Filifin, bai jagoranci yaƙi ba, amma alƙalaminsa ne ya girgiza mulkin mallakar Sifen. A littafinsa Noli Me Tangere na 1887 ya tona asirin limaman coci masu juya gwamna da talaka yadda suka ga dama. Gyara ya nema: wakilci a majalisar Madrid da daidaito gaban shari'a. Duk da haka aka harbe shi a Manila ranar 30 ga Disamba, 1896. Wasu na cewa Amurkawa, waɗanda suka karɓi mulkin ƙasar bayan Sifen, su ne suka ɗaukaka shi saboda ya ƙi goyon bayan tawayen da aka yi wa Sifen. Lalle ya ƙi, amma tun 1898 Aguinaldo, madugun 'yan tawayen, ya ayyana ranar kisansa ranar makoki. Mutanen Filifin ne suka fara ɗaukar Rizal gwarzo.