Limamin da Aka Kora Daga Salem

A watan Janairun 1636, wani limamin coci mai suna Roger Williams ya sulale daga gidansa a garin Salem cikin dusar ƙanƙara, ya bar matarsa da 'ya'ya biyu ƙanana. Da jami'an Boston suka iso don su cusa shi a jirgin Ingila, sai suka tarar kwanansa uku da tafiya. Mako 14 ya yi yana gararamba a tsakiyar hunturu, 'yan asalin ƙasar na ƙabilar Wampanoag ne suka ba shi ci da makwanci.

Bakinsa ne ya ja masa. Turawan da suka kafa Massachusetts, yankin da Salem da Boston ke ciki, 'yan Puritan ne, waɗanda suka baro Ingila saboda matsin da cocin gwamnati ke musu. Da wuri ya yi musu daɗi, su ma suka tilasta zuwa coci, suka ce ɗan coci kaɗai ke da ƙuri'a. Williams ya ce bai san zancen ba. A ganinsa Dokoki Goma na Annabi Musa kashi biyu ne: haƙƙin Allah da haƙƙin mutane. Alƙali na iya hukunta ɓarawo da mai kisan kai, amma saɓo da ƙin ibada tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Ya ƙara da cewa sarkin Ingila ba shi da hurumin kyautar da ƙasar da ke da masu ita. A Oktoban 1635 kotu ta yanke masa hukuncin kora.

Wannan ra'ayi da tushensa. Williams ya tashi a Landan kusa da filin Smithfield, inda a 1612 aka ƙona wani mutum da ransa saboda aƙidarsa. Yana saurayi ya iya rubutun gaggawa, har babban masanin shari'a Edward Coke ya ɗauke shi aiki, ya kuma taimaka masa da karatu. Coke kuwa ya yi suna wajen faɗa wa sarki cewa doka na gaba da shi.

Williams ya sami fili daga sarakunan ƙabilar Narragansett, Canonicus da Miantonomi, ya kafa gari ya sa masa suna Providence, wato tanadin Ubangiji. Yarjejeniyar mazauna garin gajera ce: za a bi abin da rinjaye ya yanke, amma a harkokin zaman duniya kawai.

A 1644 ya wallafa littafi a Landan yana cewa ikon gwamnati daga jama'a yake fitowa, don haka ba ta da iko a kan zuciyar kowa. Ya ce a bar Bayahude da Musulmi da mai bautar gumaka kowa ya yi addininsa. Majalisar dokokin Ingila ta sa aka cinna wa littafin wuta. A shekarar ce kuma ya kamanta coci da lambu, duniya da daji, ya ce in katangar da ke tsakaninsu ta tsage, daji ne zai cinye lambun. Tsoronsa ke nan: kada masu mulki su gurɓata addini.

Da wasu mutanen garinsa suka ɗauka 'yanci na nufin kowa ya yi gaban kansa, sai ya kawo musu misalin jirgin ruwa mai ɗauke da 'yan Katolika da 'yan Furotesta da Yahudawa da Musulmi. Kyaftin ba zai ja kowa zuwa addu'arsa ba, amma wanda ya ƙi aiki ko ya tayar da fitina zai gamu da hukunci.

Aka kuwa gwada shi. 'Yan ɗariƙar Quaker, waɗanda Boston ta rataye huɗu daga cikinsu, ciki har da Mary Dyer a 1660, sun sami mafaka a Rhode Island, yankin da Providence ke ciki, duk da Williams ba ya ko ƙaunar jin aƙidarsu. A 1672, yana dab da shekara 70, ya tuƙa kwalekwale da hannunsa wuni guda zuwa Newport don ya yi muhawara da su. Kwana uku aka yi ana kai ruwa rana, ba a ɗaure kowa ba.

A 1663 Sarki Charles na Biyu ya tabbatar wa Rhode Island wannan 'yanci a rubuce. A 1791 gyaran farko ga tsarin mulkin Amurka ya hana majalisar tarayya kafa addinin ƙasa, a 1802 kuma shugaban Amurka Thomas Jefferson ya sake ɗauko misalin katanga a wata wasiƙa. Massachusetts dai ba ta saki cocin gwamnati ba sai 1833. Hukuncin korar Williams kuwa, sai a 1936 majalisarta ta soke shi, shekara 253 bayan rasuwarsa.