Tarihin Gidauniyar da Ta Tsaya wa Tsuntsayen Fadama

Duk wanda ya taɓa fita bayan garin Jega da sassafe cikin hunturu, ya gangara fadamar Gulbin Zamfara a lokacin da mutanen Aliero ke ban ruwan albasa, na Maiyama kuma suna gyaran gonakin shinkafar rani, ba shakka ya ga tsuntsayen ruwa jinsi-jinsi, tun daga zalɓe da balbela har kirinjijiya da dinya, kuma a tsakaninsu akwai baƙin da suka ƙetare Bahar Rum da Sahara don gudun sanyin Turai. Mu a nan ba mu faye duban tsuntsu da idon rahama ba, da yake jan-baki ya sha cinye wa talaka gumin shekara a yini guda. Saboda haka in aka ce wasu sun tara dukiya sun kafa ƙungiya don kare tsuntsu, sai mai sauraro ya yi murmushi, ya ce aikin ƙosassu ne.

Zancen nasa ba ya rasa ƙanshin gaskiya, gama mawadata ne suka fara. A Ingila, cikin 1889, wasu mata na birnin Mancesta suka kafa ƙungiyar kare tsuntsaye da ta zama RSPB, domin sun ga ana halaka tsuntsaye ba don yunwa ba, sai don a ƙawata hulunan mata da gashinsu. A ƙasarmu kuwa, Cif Shafi Lawal Edu, attajiri mutumin Epe, shi ne ya tara abokansa a Ikko cikin 1980 suka assasa Gidauniyar Kiyaye Halittu ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NCF, aka yi mata rajista a 1982 a hannun amintattu, kamar dai yadda ake damƙa waƙafi ga wanda ba zai ci ba. Cibiyarta ta Lekki, mai faɗin hekta 78, an buɗe ta a 1990.

Amma ba Lekki ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya shafe mu ya faru ne a gabas da Kano, inda kogin Hadeja da na Jama'are ke malala bisa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin Hadeja da Nguru da Gashuwa, su cika tafkuna da fadamu waɗanda masunci da manomi da makiyayi suka gada suna amfana da su bi da bi, kowa da lokacinsa. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, fari kuma ya biyo baya, sai ambaliyar da ke rayar da wannan ƙasa ta ragu ƙwarai, har masu lura da tsuntsaye a Turai suka shiga damuwa a kan masaukin baƙinsu. Wannan ne sanadin da ya sa a 1987 aka kafa Shirin Kiyaye Dausayin Hadeja da Nguru, wanda NCF ta shiga tare da RSPB da ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya IUCN da hukumomin ƙasa, kuma a 1989 Yarima Filibus, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo da kansa har tafkin Dagona da ke cikin dausayin ya ga agwagin ruwa.

To, a nan ne al'amarin ya juya. Mutanen da suka zo da madubin hangen nesa don ƙidayar tsuntsu ba su daɗe ba suka fahimci cewa tsuntsu ba gadi yake bukata ba, ruwa yake bukata, kuma ruwan nan shi ne wanda manomin shinkafa yake jira, shi ne wanda kifi ke hayayyafa a cikinsa, shi ne kuma ke nutsewa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. Sai hujjarsu ta koma ta lissafi: masana tattalin arziki suka auna, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya bi fadama ya fi kawo amfani bisa ga wanda aka tsare don noman rani a sama. Dokta Muhtari Aminu-Kano, wanda yana cikin waɗanda suka tsara littafin da IUCN ta wallafa a kan wannan dausayi a 1993, daga baya shi ne ya zama babban daraktan gidauniyar. A ganina wannan juyi, daga kare tsuntsu zuwa neman haƙƙin masu zama a ƙarshen kogi, shi ne mafi girman abin da ƙungiyar ta yi a Arewa, ko da yake hujja ba ta hana a kammala madatsar Challawa a 1992 ba, ba ta kuma hana ciyawar kacala toshe hanyoyin ruwa ba.

Duk da haka, a shekara ta 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971, sannan Baturiya da Dagona suka bi a 2008.

Almajirin fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya karanta babin hima, watau makiyayar da shugaba ke keɓewa don maslahar jama'a, kamar Naƙi'u a kusa da Madina; mutumin Kabi ma ya san yadda ake hana kamun kifi a kogin Matan Fada na Argungun har ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini, ko da yake, in za a faɗi gaskiya, kamun agwagwar ruwa da hannu yana cikin wasannin bikin Argungun. Su kuwa ma'aikatan gidauniyar da abokan aikinsu, idan watan Janairu ya kama, sukan shiga kwalekwale tun kafin hazo ya washe, masunci na tuƙi yana nuna musu inda garken ya kwana, su kuma suna rubuta adadi a littafi.