Rufin Soro Da Hasken Sola A Gidajen Shehunnai



Gidajen malaman ɗariƙa na dā, a birnin Kano da ƙauyukan Gwarzo da Kabo, soraye ne na ƙasa. Azarar giginya ake jerawa, a shimfiɗa zana, a ɗora laka, a fitar da indararo. Kowace shekara kafin damina almajirai ke yaɓe, domin yoyon dare guda ya isa ya cinye littafin da aka shekara ana kwafa da alƙalami da tawada.

Da kwano da siminti suka zo, sai hanya ta rabu biyu. A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, an rushe tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, sabon ya kammala a 1951. A Zariya kuwa, masallacin da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu (1834-1846) lulluɓe shi aka yi da sabon gini a shekarun 1970, bakan gizonsa na nan a ciki. Hanyar Zazzau ita ta fi kusa da ladabin muridi ga abin da shehinsa ya bari.

Yau sola ta gaji aci-balbal da fitilar ƙwai wajen zikiri da karatun dare. Sai dai tsohuwar azara ba ta jure huda da ƙarin nauyi, kuma duk ramin ƙusa ƙofar ruwa ce. Shi ya sa magina masu lura kan kafa wa faifan sola ƙarfensa daban a tsakar gida, batura kuma a ajiye su nesa da ɗakin littattafai.